Don Allah a Bar Mini Wutsiyata

Na san abin da za ku ce tun kafin in buɗe baki, don na sha jin sa a teburin mai shayin bakin layinmu a Mabera. Duk daren da na yi suɓul da baka na ce an sace mini la'ada, sai majalisa ta tuntsire da dariya. Kawuna, wanda gemunsa ya yi fari a dillancin bisashe a Kara, shi ke fara jifa: "Wanga aiki naka, ina shagonai? Ina haja? Mi anka sace maka, iska?" Sai wani ya cafe daga ƙarshen benci, wai shi ma jiya an sace masa jirgin sama a mafarki, yana neman mai raka shi ofishin 'yan sanda.

Na ji, na gode. Amma tunda ku kuka taro zancen, ku gyara zama.

Bari in fara sallamar masu cewa sana'ata ƙanwar MMM ce, wato damfarar nan ta zuba kuɗi a ƙara maka. Na lura mai wannan magana yawanci shi ne wanda MMM ta kwantar a Disambar 2016, ya farfaɗo da ƙyar, CBEX ta sake shimfiɗe shi a Afrilun 2025. A tsakani kuma, cikin 2024, ya yi wata da watanni yana ƙwanƙwasar fuskar waya saboda wasan kirifto na Hamster har babban yatsansa ya yi kanta, ranar da aka ce ta fashe a watan Satumba abin da ya samu ko kuɗin data bai mayar ba. Ban ga laifinsa ba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Sai dai ni dillanci nake yi, irin wanda kowa ya sani. Akwai mai kaya, akwai kaya, akwai mai saye. Kamfani irin Jumia ko Konga, ko dandali irin Selar da Expertnaire inda ake sayar da littattafai da darussa, shi zai ba ni linki nawa na kaina. In kai shi inda masu saye suke, wanda ya bi ta kansa ya saya, a ba ni kamashona. Kamfanin Amazon ya buɗe irin wannan tsari tun 1996, lokacin da rabin masu yi mini dariyar nan ko ragon suna ba a yanka musu ba. Ba zan ɓoye muku ba, a cikinmu akwai masu sayar da darasin koyon yadda ake sayar da shi wannan darasin. Waɗannan ko ni da ido ɗaya nake kallonsu, in kun tashi yi musu dariya ku matsa mini wuri a benci.

Amma kai Kawu, kai ne bai kamata ka dara ba, domin a gabanka na ɗauki karatun. Ina yaro kana tafiya da ni Kara ranar da babu makaranta, ina riƙe maka buta. Na ga yadda kake yi da jar akuya. Ka ɗaga leɓenta ka nuna haƙora, ka shafa gadon bayanta, ka matsa ƙugu, ka ja mai saye gefe ku yi ƙus-ƙus. Ya taya, ka ce albarka. Ya juya kamar zai tafi, ka bi shi ka riƙo hannun rigarsa. Rana ta take, ko ruwa ba ka kurɓa ba. Duk wannan hidima igiyar tana naɗe a hannunka na hagu, in za ka salla sai ka damƙa mini ita ka ce kada in ba kowa, ko gwamna ne ya aiko. Na tambaye ka dalili, ka ce wanda igiya ke hannunsa sa'ad da aka sallama shi ke da la'ada. Ban kuma manta ranar da aka shammace ka ba. Mai saye ya ce bari ya zaga ya dawo, ashe ta bayan rumfa ya bi ya sami mai akuyar, wani ɗan kayi-nayi ya tsaya musu a tsakani na minti biyu ya karɓe abin da ka yini kana nema. Daren nan ko tuwo ba ka taɓa ba. To me aka sace maka ranar, Kawu? Akuyar ba taka ba, kuɗin ba su taɓa kwana a aljihunka ba. Iska ce ta hana ka cin tuwo?

Linki shi ne igiyata. Kowa ya ciro wayarsa ya duba. Adireshin kaya yana da kai da gangar jiki, wato sunan kamfani da sunan kayan, sannan can ƙarshe, galibi bayan alamar tambaya, sai ka ga haruffa da lambobi sun biyo baya kamar an zubar da gero. Wannan ita ce wutsiya, a cikinta sunana yake. In ka latsa linkin da wutsiyarsa, shagon zai ajiye wata 'yar alama a cikin manhajar da ka buɗe shi da ita, ana ce mata kuki. Ba na ci ba ne, Malam mai shayi, mayar da kofinka. Kamar fentin nan ne da ake shafa wa rago a baya don a san ta hannun wa ya biyo. Sai dai fentin yana gogewa. Na Amazon awa 24 yake yi, wasu kamfanoni su ba da mako, wasu wata. Ƙa'idar da akasarinsu ke bi kuwa ta Kara ce sak: wanda aka latsa linkinsa a ƙarshe shi ke da la'ada, ko da wani ne ya yi wata guda yana lallashin mai saye. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ɓarawona na farko ba daga Legas ya zo ba. Taubashina ne, ɗan gwaggona na Arkilla, wanda yanzu haka na san yana karanta wannan yana sosa ƙeya. Lokacin bazara ne, zafin Afrilun Sakkwato da ke mayar da katifa kasko, wuta kuma sai ta ga dama take leƙowa. Na sayi fanka mai caji da kuɗina, na kunna ta bayan isha'i, na zauna da agogo har ta mutu, na ɗauki bidiyo na ɗora a sitatus da linkina a ƙasa. Dare uku bawan Allahn nan yana hana ni barci. Awa nawa take yi? In an ƙure ta fa? Tana cajin waya? Ƙararta ba ta tashin yara? Ina amsawa da datata, har da hoton bayan kwalin. Daga nan sai shiru, kamar an aiki bawa garinsu.

Bayan mako biyu na je gaida Gwaggo. Ina leƙa ɗakinsa sai ga fanka tana juyi, irin tawa, har launin. Shafin lissafina kuwa sifili ne zaune daram. Na ce, "Ɗan gwaggo, wannan fa?" Ya ce saye ya yi. Na ce, "Ta linkina?" Ya yi murmushin wanda ya ci kasuwa ya ce, "Awo, shi na kwahe, amma sai da na guntule tarkaccen ga na baya kahin in buɗe. Haka kawai a ci da ni?" Na tambaye shi nawa ya biya, ya faɗa. Na buɗe linkina na nuna masa farashi. Ko kwabo babu bambanci. La'adar nan daga ribar mai kaya take fita, kuma da ya yanke wutsiyar kuɗin ba su dawo aljihunsa ba, sun zauna ne a asusun mutanen da ba su san shi ba, ba su san Gwaggo ba. Wato ya gwammace baƙo ya haɗiye da a ce ɗan kawunsa ya sayi katin waya. Masana intanet suna ta neman sunan da za su raɗa wa wannan, mu kuwa tun kaka da kakanni muna da shi, ƙyashi. Mun yi lissafi a gaban Gwaggo, kuɗin shararsa na shekara uku ya riga ya ci.

Na biyu ya fi shi wayo. Ina zazzaga TikTok wata rana sai ga hannuna. Hannuna dai nawa, da zoben azurfana, da tabon wuƙar da na samu wurin fiɗar layya, ga tabarmar ɗakinmu mai ja da kore, ga muryata tana bayanin awa kaza. A ƙasa kuwa linkin wani ne, mutumin da ban taɓa gani ba, mabiyansa sun ninka nawa. Shi bai yanke wutsiya ba, cire tawa ya yi ya dasa tasa. Na yi fushi na kwana biyu, a na uku na tuna cewa in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Ni na saki bidiyo tsirara, babu suna, babu alama.

Na ji mai cewa duk wannan kumfar baki a kan kuɗin kati ne. To zo in kai ka Amurka, ba sai ka nemi biza ba. Akwai wani Shawn Hogan, shi ne kan gaba a dillalan kasuwar intanet ta eBay a zamaninsa, kamashon da kamfanin ya biya shi ya kai wajen dala miliyan 28. Dabarar da ta kai shi kotu ita ce cusa kukinsa a kwamfutocin mutanen da ba su taɓa latsa linkinsa ba. Duk wanda daga baya ya shiga eBay don raɗin kansa ya yi sayayya, sai lissafi ya nuna Hogan ne ya kawo shi. Kawu, ka ɗauka mutum ya bi dare da gwangwanin fenti ya shafa alamarsa a kan duk dabbar da ke hanyar shigowa gari, ta Achida da ta Illela, gari na wayewa ya shimfiɗa buzu a inuwa yana karɓar la'ada. Kamfanin ya haɗa kai da hukumar FBI, ya shigar da ƙara a 2008. A 2014 aka ɗaure Hogan wata 5, wani kuma Brian Dunning, da ya karɓi sama da dala miliyan 5, aka ba shi wata 15. Na hango wani a ƙarshen benci yana raba miliyan 28 gida biyar da yatsu. Sauke hannunka, Malam, kai da ko Ƙwanni ba ka taɓa ƙetarawa ba.

Wadda ta fi ba ni dariya ita ce Honey, wato zuma. Ƙaramar manhaja ce da ake maƙala wa Chrome, aikinta in ka zo biyan kuɗi ta leƙo ta ce tsaya in nemo maka rangwame. Kamfanin PayPal ya saye ta a kan dala biliyan 4, cinikin ya kammala a farkon 2020. An biya manyan masu bidiyo na YouTube, har da MrBeast, suka yi ta yi mata talla. A Disambar 2024 wani mai bin diddigi da ake kira MegaLag ya fito da bidiyo yana zargin cewa da zarar mai saye ya latsa ta a bakin biya, sai ta goge alamar dillalin da ya kawo shi ta shafa tata, ta samo rangwamen ko ba ta samo ba. Ya ce ya gwada da kansa a cinikin manhajar NordVPN, la'adar dala 35 ta tafi wurinta, shi kuma a matsayin mai saye aka sallame shi da tukuicin santi 89. In zargin nan ya tabbata, mutanen nan da bakinsu suka yi ta kiran jama'a su zo su ga mai yanke musu aljihu. Zuma ke nan, ga zaƙi ga harbi. PayPal ya ce shi ƙa'idar kasuwa yake bi, ta latsawar ƙarshe. Masu bidiyo suka garzaya kotu a Kalifoniya. A Maris 2025 kamfanin Google ya ƙara ɗaure dokarsa, ya ce manhajar da ke kan Chrome ba za ta saka linkin kamasho ba sai da sanin mai saye, da latsawarsa, kuma ya zama ya sami wani amfani na zahiri. Ɗan kayi-nayin nan ne na bayan rumfa, Kawu, ya yi wanka ya sa kwat.

To ni da ba ni da FBI, ba ni da lauya a Kalifoniya, yaya nake yi?

Wutsiyar dai na naɗe ta. Ina gajarta linki da Bitly, masu shafin kansu a WordPress kuma suna da irin su Pretty Links, sai linki ya fito gajere da sunanka, babu geron da taubashi zai share. Amma a karanta dokar kamfani tukuna, don Amazon ba ya yarda a rufe linki yadda mai saye ba zai san wurinsa za shi ba, yana da nasa magajarcin. Kada kuma kowa ya ruɗe ku da cewa an gama. Kwaɗo ne irin na akwatin mai shayi, yana hana ɗan hannu, ba ya hana wanda ya zo da guduma. Mai niyya zai buɗe, ya ga inda linkin ya sauka, ya goge kuki, ya sake shiga ta ƙofar gaba.

Bidiyo kuwa yanzu ba na sakinsa haka nan. Ina yanko kwali in rubuta sunan shafina da maka, in jingina shi a jikin kayan, a tsakiya, don in a gefe ne datsewa za a yi. In kuma faɗi sunan da bakina sau biyu cikin bayani. Wanda ya ɗauka yanzu talla yake yi mini kyauta, Allah ya saka masa.

Abin da ya fi linki ƙarfi a wurina shi ne lambar rangwame mai sunana. In mai kaya ya yarda ya ba ni, mai saye zai rubuta ta da hannunsa a wurin biya don a rage masa wani abu, ko a wayar matarsa ya saya, ko bayan wata biyu. Ba ta gogewa kamar kuki, kuma babu mai yanke abin da ke rage masa kuɗi, ko da ƙyashinsa ya kai na mutumin Arkilla. Wannan ta fi amfani da masu kayanmu na gida, mai turare, mai kilishi, baduku mai takalma da jakunkuna, waɗanda cinikinsu duk a WhatsApp yake ƙarewa. Da su ba na fara aiki sai mun rubuta: kashi nawa, yaushe ake biya, in mutumina ya dawo karo na biyu ina da rabo ko babu. Na taɓa kai wa wani mai kaya mutane a kan amana da "haba, ai mun zama ɗaya", da lokacin lissafi ya yi sai ya ce duk tsofaffin abokan cinikinsa ne. Tun daga ranar, zumunci daban, takarda daban.

Sai gyara, kuma nan ne nake so ku kasa kunne, don ita ce ta canja mini kasuwa. Kun san mai albasa in ta cika maka kwano sai ta ɗora biyu a kai, gobe ko an kira ka a rumfar gaba ba ka waiwaya. To ni ma na ce duk wanda ya saya ta hannuna ya turo mini shaidar biya, ni zan zo in haɗa masa, in nuna masa yadda ake caji kada batir ya mutu da wuri, in kaya ya zo da matsala ni zan yi ta kiran kamfani a madadinsa. Ina kuma faɗa a fili tun a farko cewa in ka saya ta nan ina da la'ada, kai kuma ba a ƙara maka ko sisi ba. Na daɗe ina jin kunyar faɗin haka, ina ɓoyewa kamar mai sayar da abin haram, ashe ɓoyewar ce ke sa mutane zargin akwai lauje cikin naɗi. Basakkwace in ka gaya masa gaskiya ka kuma yi masa gyara, shi da kansa zai kira ka ya ce, "Turo man abin ga naka, kada in saye ba ta wurinka ba." Babu manhajar da ta taɓa tsare mini la'ada kamar wannan kira.

Sauran tsaron na yau da gobe ne. Duk mako ina ari wayar wani in latsa linkina in ga ko har yanzu da sunana yake sauka. Ina duba yawan masu latsawa da yawan masu saye, in ɗauki hoton shafin in ajiye, don ranar gardama baki ba ya zama shaida. Asusuna makulli biyu gare shi, kalmar sirri da lambar da ake turowa, kuma ba na barin waya a buɗe a wurin masu caji. Wanda ya shiga asusunka ba ya wahalar da kansa da wutsiya, lambar bankin da ake biyanka kawai zai canja, ka yi ta noma wani na kai amfanin gida.

Yanzu bari in ba ku abin da kuke jira, don na ga bakinku na motsi. E, ba duk la'adar da ta ɓace ce aka sace ba. Wani a cikin Facebook zai buɗe linki, ya rufe, ya je manhajar kamfanin ya saya, alamar ta tsaya a can inda ya baro ta. Wani ya mayar da kaya, la'ada ta bi su. Wani kuma halinmu ne na gado, ba zai iya biyan kuɗi bai ji muryar mai kaya ya taya ba, sai ya lalubo lambarsa su gama a waya. Na taɓa ɗauke wa wani abokina gaisuwa mako biyu ina zarginsa, ashe bawan Allah ta linkina ya shiga, albashi ya jira, kafin alat ya shigo kukin ya riga mu gidan gaskiya. Sai da na saya masa tsire na ba da haƙuri. Wannan kam ku dara, na yarda.

Mai tambayar ko halal ce, garin nan ba a neman malami a rasa, je ka tambaya. Imamu Buhari ma ya ware babi a kan ladan dillali, ya ambaci magabata irin su Ibnu Sirin da ba su ga laifinsa ba. Abin da ke kanmu shi ne kada mu yabi kayan da muka san ba shi da kyau. In ka je kuma ka haɗa da tambayar hukuncin mai kutsawa cikin cinikin ɗan'uwansa, ka biya ta Arkilla ka isar da amsar.

Kawu har yau bai ce ya yarda ba, kuma na san ba zai ce ba. Amma shekaranjiya ya karɓi wayata, ya nisanta ta daga idonsa, ya sa na nuna masa wutsiyar, ya daɗe yana kallo. Ya miƙo mini ya ce, "Tau, naɗe ta ga hannunka na hagu." Sannan ya shanye shayinsa ya bar mini biya.

Kai kuma ɗan gwaggo, labari ya iso mini cewa batirin fankar nan ya fara sanyi, ga bazara ta ƙarato. Na san inda ake samun sabo, na kuma iya sa shi. Linkin na nan tafe bayan isha'i, ka latsa shi yadda na turo, ka bar masa wutsiyarsa.